Ƙorafi Kan Ruwan Sanyin da Ake Sako wa Gonata

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Ruwan Noma,
Gundumar Kamisugi.

Daga:
Kumagai Fusae, tsohuwar malamar firamare,
Unguwar Gindin Dutse.

8 ga Yuli

Game da: Rufe tsohuwar magudana da halin da shinkafata ke ciki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Kakanninmu ba don wauta suka haƙa magudana mai faɗi, marar zurfi, mai kwana-kwana ba. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne ke sauko mana daga dutse, sai ya sha rana a hanya kafin ya taɓa shinkafa. A watan Afrilun bara ƙungiyarku ta rufe ta, ta binne bututu. Yanzu ruwan bai ganin rana sai a gonata, domin ni ce ta farko a bakin bututun.

2. Allon ofishinku kullum cewa yake suion, wato zafin ruwa, ya yi daidai. Daidai a ina? Jami'inku Tsutomu yana tsoma ma'auninsa ne da tsakar rana, can ƙarshen gonaki, bayan ruwan ya gama ɗumama a kan shukata. Na roƙe shi ya zo da sassafe ya tsoma ko da ƙafarsa ce. Ya ce mini, wai Iya, ai kowa ya san ruwan sanyi ke sa shinkafa daɗi. Wannan yaron ni na koya masa riƙe fensir. Maganar nan a jikin buhun 'yan kasuwa na saba ganinta, ban taɓa ganinta a gona ba. Shinkafar da ba ta yi ƙwaya ba, wa ya ɗanɗana ta?

3. Bara har Oktoba shukata tana tsaye shar da ita, kai a miƙe, ciki fanko. Na sa lauje na yanke ƙaiƙayi.

4. Ɗana Shigeru ya rantse in bana ma haka ne, zai bar gonar ga ciyawa ya ɗauke ni zuwa birni, bene hawa na tara. Kabarin mijina yana kan tudun da ke kallon gonar nan. Wa zai share shi?

Shinkafar za ta fara ciki wajen 20 ga wata. In sanyi ya same ta a lokacin, babu taki ko magani da zai gyara. Ina roƙon ka ba da umarni a ɗage ƙofar tsohuwar magudana kafin ranar, ko da na wannan damina kaɗai ne. Ciyawar da ta cike ta kada ta dame ku, na fara cire ta da hannuna tun shekaranjiya, na kai lanƙwasar magudanar ta biyu. Ruwan kawai nake jira.

Na gode da haƙurin karantawa.

Taka mai biyayya,
Kumagai Fusae