Duk Damina Sai Mijina Ya Koma Sabon Lebura

Anti Ma'u, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya ishe ni.

Mijina Usaini ɗan Nijar ne, mutumin Matamai, yana aiki a wani kamfanin fata a Challawa. Tare suka fara da maƙwabcinmu Lawan. Lawan ya shiga ƙungiyar ma'aikata, an ƙara masa albashi, ga kuɗin asibiti, har safar hannu ake ba shi. Nawa kuwa har yau lebura ne, hannuwansa duk sun tsattsage da sinadarin jima.

Kin san dalili? Gona. Da ruwan farko ya sauka sai ya tattara ya tafi noman gonar mahaifiyarsa, sai bayan girbi mu gan shi. Kamfani kuma su ɗauke shi a matsayin sabo, kamar ba su taɓa ganinsa ba. Ƙungiya ta ce ba ta karɓar wanda bai yi shekara a jere ba. Bana sun ce in ya zauna za su saka shi. Da na yi magana sai ya ce so nake a ce a garinsu Kano ta cinye shi. Geron da yake dawowa da shi ko wata uku ba ya kai mu. Jiya ma sabuwar fartanya na ga ya sayo. Wallahi na gaji.

Matar Manomi, Zawaciki

'Yar'uwa, kina da gaskiya, amma ki daina auna gonar nan da buhun gero. Ba don gero yake tafiya ba, kunyar mahaifiyarsa yake ji, kuma wannan ba laifi ba ne.

Su ma shugabannin ƙungiyar sun ba ni haushi. Sun san yawancin leburorinsu manoma ne, me ya hana su nema musu hutun damina? Usaini ya haɗa 'yan'uwansa 'yan Nijar su je su faɗa musu haka. Sai dai wanda yake ciki aka fi saurara, don haka bana dai ya zauna.

Ki bar gardama da shi. Ki kira Inna, mahaifiyar tasa, cikin ladabi, ki gaya mata halin da hannuwan ɗanta suke ciki, ki roƙe ta a ba wani ɗan'uwa noman bana, Usaini ya biya 'yan ƙwadago. Abin da ya ƙi ji daga bakinki, in daga bakin uwarsa ya fito ko musu ba zai yi ba. Ki kira ta yau ɗin nan.

Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki haƙuri.