Sahabi, Ɗiyarka Ta Ƙi Zama

Zuwa ga ɗana Sahabi,

Bayan sallama, ina roƙon Allah Ya yalwata maka makwancinka, Ya sanya haske a cikinsa. Ka ga na rubuta sunanka ƙuru-ƙuru a saman takarda. Tun ranar da anka raɗa maka shi bakina bai taɓa furta shi ba, kai ne ɗan fari, kunya ta hana. Sai dai in ce wancan, ko mai albasa, ko uban Saratu. Yanzu da ba ka jin kira, kunyar me ta rage? Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, babu motar da ke lodi zuwa inda kake. Amma magana ta cika mini ciki, kuma ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci bai gudu duka ba. Ka yi haƙuri da rubutun, har yanzu yana nan kamar kaza ta bi ta kan taɓo, yadda kake faɗi.

Gida lafiya gwargwado. Ƙanenka Bashiru ne ke riƙe da gonarka ta Bakolori, albasa ta yi kyau bana, sai dai shi kansa ya san bai iya ban ruwa kamarka ba. Matarka Luba ta fita takaba, ta ce ba inda za ta je ta bar yara. Gwiwata tana nan da halinta. Mutanen ƙauyen Dakko sun zo gaisuwa har sun gaji sun daina.

Ka tuna majalisarka ta bayan la'asar? Ka dawo daga gona, ƙafa duk laka, ka kife turmi ka ɗora rediyo a kai, ka tara Saratu da ƙannenta ku saurari 'yan takara suna muhawara. In an gama sai ka raba su gida biyu, da wannan dokar taka mai ban haushi: wanda kake so, abokin hamayyarsa za ka kare. Ka ce wanda bai iya faɗin hujjar abokin gardamarsa ba, bai san tasa ba tukuna. Ni kuma kunka naɗa ni alƙali. Allah Ya gafarta mini, wanda ya kawo mini goro ko ya matsa mini ƙafa shi ke cin shari'a. Saratu ta yi ta kumbura tana cewa za ta ɗaukaka ƙara, kai kuma ka ce mata kotun Inna babu ta sama da ita.

Mutanen unguwa sun sha cewa kana lalata yarinya, ɗiya mace da gardamar siyasa. Kawunka na Bakura har cewa ya yi ba mai auren bakin nan nata. Ka ce masa kai ba za ka reni yaran da za a saye yatsansu da taliya da sabulu ba. Ni a gabanka cewa nake kun cika mini kunne, kun hana ni jin wa'azi. A zuciyata kuwa, Sahabi, in kana magana ji nake kamar in fita ƙofar gida in gaya wa duk mai wucewa ni na haife ka. Ban taɓa faɗa maka ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Tun ranar da ka tafi kasuwar Janbako da buhunan albasa, 'yan bindiga sunka tare hanya, anka dawo mana da kai a bayan mota, gidan nan ya yi shiru. Luba ta naɗe rediyon a cikin zane ta tura ƙarƙashin gado. Saratu, wadda da sai an roƙe ta ta rufe baki, ta koma daga e sai a'a. Katin zaɓen da ka ɗauke ta a babur ka kai ta ta yi rajista ya fito bayan rasuwarka, ta ƙi zuwa karɓa. Ta ce waɗanda ka sha rana ka zaɓa ba su hana a kashe ka ba, ita me za ta je yi? Me zan ce mata? Kai da kake da amsar kowace magana, me za ka ce?

Ana nan sai wata malamarsu ta sakandare ta zo, ta ce samarin gari sun shirya muhawara tsakanin masu neman kujerar majalisar jiha, ana son matasa su yi tambaya, kuma ita ba ta ga wadda ta kai Saratu ba. Luba ta ce sam. Ta ce ba ka san wa ke zaune kusa da kai ba, wanda ya yi maganar mutanen daji da hantsi, kafin magariba labari ya kai musu. Ni ma na ga gaskiyarta, don na binne ɗaya, ba ni da ƙarfin binne na biyu. Amma abin da ya fi soya mini rai shi ne Saratu ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce a daina wahala, da ma ba za ta ba. Tsoron Luba na gane shi. Wannan sanyin na yarinyar ne ban iya kwana da shi ba.

To ka san uwarka. Na aika anka sayo batir, na jawo rediyon, na shimfiɗa tabarmata daidai ƙofar ɗakin Saratu. Cikin 'yan takarar akwai wanda nake kira Mai Tabarau, wanda ta fi tsana tun kana da rai. Na shiga yabonsa da ƙarfi. Na ce ni shi zan zaɓa, don rigarsa ta fi ta kowa sitaci. Na ce ya yi alkawarin shimfiɗa wa hanya darduma daga nan har Janbako, kuma na yarda. Na ce zan bi tsofaffin unguwa gida-gida in gaya musu, tunda babu mai ilimin da zai hana ni. Ta daure, ta daure, ina jin juyinta a kan gado. Wata la'asar sai labule ya ɗaga. Ta ce Inna, wanga mutum ba shi ne ya yi alkawarin hanyar nan a wancan zaɓen ba, ina hanyar take? Na ce ai aiki ya yi masa yawa. Nan ta balle. Ta jero mini abin da ya faɗa da abin da bai yi ba, har tuwo ya huce a kwano. Can ta tsaya tsak ta dube ni, ta gane abin da na yi mata. Ta zauna ta kifa kai a cinyata ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da anka ɗauke ka.

Luba tana bakin murhu tana jinmu. Da safe, matar nan da ko sau ɗaya ba ta taɓa sa baki a majalisarka ba, ta zo ta zauna a kan turmin, ta ce ita ce ɗan takara, Saratu ta yi tambayarta. Sahabi, ashe duk shekarun nan tana ɗauka. Ta yi godiya, ta yi addu'a, ta yabi iyayen ƙasa, ta zagaya ta dawo ba ta amsa komai ba, har na yi dariyar da na manta ina da ita. Sannan ta ce wa yarinyar kada ta kama sunan kowa, kada ta nuna kowa da yatsa, ta tambayi abin da zai yi da lokacin da zai yi, kuma kada ta zauna sai an amsa mata. Na tambayi Luba ko tsoron ya tafi. Ta ce yana nan, amma gara ta kwana da tsoro da ta zuba ido ɗiyarta ta mutu a tsaye.

Ranar muhawarar munka je mu uku, ni da sandata, munka zauna ɓangaren mata. Da anka miƙa wa Saratu abin magana sai ta miƙe tsaye. Ta ce ita ɗiyar manomin albasa ce da ya tafi kasuwa bai dawo da ƙafarsa ba. Ta ce me 'yan takarar za su yi manomi ya je kasuwa ya dawo, kuma wane wata jama'a za su zo su tambaye su in ba a yi ba? Mai Tabarau ya yi mata doguwar ta'aziyya, ya ce za a duba. Mai gabatarwa ya yi mata alama ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta ce ranka ya daɗe, ta'aziyya ta karɓa ta gode, amsa take jira. Ta ɗan karkatar da kai, ta maida hannu ɗaya baya, kai ne sak a tsaye. An ce ɗayan ɗan takarar ya ba da amsa mai ma'ana, gaskiya ce ko ƙarya Allah Ya sani. Ni ban ji ba, fuskata tana cikin mayafi.

Ba zan ɓoye maka ba, a hanyar dawowa duk babur da ya rage gudu kusa da mu sai gabana ya faɗi. Luba tun kafin magariba take sa sakata yanzu. Mun yi daidai, Sahabi? Kai ka ɗora ta a kan wannan turba, ka tafi ka bar mata biyu da riƙon ta. In wani abu ya same ta, da wane baki zan yi maka bayani?

Saratu ta je ta karɓo katinta da kanta. Ranar zaɓe ni da Luba za mu sa ta a tsakiya mu bi layi, ko gwiwar nan ta yarda ko ba ta yarda ba. Ban sani ba ko ƙuri'arta za ta gyara hanyar. Ni hanyar ta riga ta ci nawa. Amma akwai masu ɗiya da har yanzu suna bin ta ranar kasuwa, kuma uwayensu suna bakin ƙofa suna jira.

Ka huta, ɗana. Allah Ya jiƙanka, Ya haɗa fuskokinmu a inda babu mai tare hanya.

Uwarka da ba ta gama kewarka ba,
Inna Hajo, Talata Mafara.