Na danna sunan Kaka Dallatu

Yaya Hure,

Yau Talata tun asuba ake yayyafi, ɗakinki yana yoyo. Da kika tafi makaranta na tara roba, sannan na buɗe kwamfutarki ban tambaye ki ba.

Na shiga tarihin da kika rubuta daga bakin Baba kafin ya rasu. Sunan Kaka Dallatu ya rasa harafi ɗaya. Shuɗi ne, da layi a ƙasansa. Na kai maus na danna don in tsaya a wurin in gyara. Ban san kin haɗa shi da muryar da kika naɗa ba.

Sai Baba ya yi tari a cikin ɗakin. Ya ce, "Mati, rufe ƙofar nan, ka zauna wuri ɗaya mana." Wallahi sai da na waiga. Na zabura, gwiwata ta doki teburin, kwamfutar ta faɗa cikin robar.

Da a ce danna ɗaya na gyara ne, buɗewa sai an danna biyu, da haka ba ta faru ba. Amma ni na taɓa. Ki yafe min.

Na kai ta Dawakin Tofa wajen mai gyara. Kada ki gaya wa Inna tukuna, kin yi mata alkawarin za ta ji muryar Baba ranar Juma'a.

Idan kwamfutar ba ta tashi ba, shafi arba'in da biyu sun tafi, da murya shida. Ɗaya kawai na ji, ita ma ban bar shi ya gama ba.

Mati