Yadda Binciken Fuwa Ya Tara Miki Manema

Zuwa ga yayata Didi Rookmin, a Toronto.

Sita Ram, Didi. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani mai kewa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, sanyin garinku bai ƙarasa cinye miki kunnuwa ba. Ubangiji ya ƙara miki lafiya da haƙurin tsofaffin da kike kula da su. Mu nan Corentyne muna nan yadda kika bar mu. Saniyarmu ta haihu, ɗan maraƙin ya gado harbin uwarsa. Na ba ɗan Pandit, malamin ɗakin ibadarmu, takardar nan ya kawo miki hannu da hannu, domin duk sanda kika bugo waya Baba yana kwance kusa, maganar kuwa ba ta gabansa ba ce. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda ni da makaranta muka yi sallama.

Lafiya lau ɗin da Baba yake ce miki a waya ba gaskiya ba ce. Tun da ruwan teku ya fasa ya kashe mana shinkafa, ga rashin Mama da bai gama saki ba, sai ya koma lilonsa na ƙarƙashin gida ya kwanta. Ya bar aski, ya bar sauraron wasan kurket a rediyo. Abin da ya fi tsorata ni, ya bar faɗa da maƙwabcinmu Mohabir a kan mangwaron bakin shinge, faɗan da muka tashi muka tarar. Mangwaro ya faɗo, Mohabir ya tsince a gabansa har yana tari don a kula shi, Baba ko ɗaga kai bai yi ba. Rannan ya kyautar da addarsa mai kyau, kuma na lura makullin rumbun maganin feshi ya bar kan ƙusa ya koma aljihunsa. Kin san abin da wannan yake nufi a yankinmu, mun raka gawar mutane da yawa. Ban yi shawara da kowa ba na kira gwaggonmu Fuwa Sumintra, ƙanwar Baba.

Mu dai mun san ta da Dakta a jami'a, amma sai zuwan nan na gane aikinta. Ba allura take yi ba. Tun tana budurwa take bin ƙauyukan manoma tana binciken abin da ke sa mutum ya kashe kansa da abin da ke hana shi, har ƙasashen waje ake kiranta ta yi bayani. Ta ce mini mugun tunanin nan sau da yawa kamar ruwan sama mai ƙarfi yake, ya zo ya wuce, idan guba tana nesa kuma mutum yana kusa, sai a tsira. Da ta iso Baba ya dube ta daga lilo ya ce shi ya goya ta ya tsallakar da ita lambatu zuwa makaranta tana jan majina, ba ita za ta leƙa cikin kansa ba. Ba ta ja da shi ba. Ta ce dama ta daɗe tana son yin bincikenta a garinmu, ɗaki kawai take nema.

Washegari ta fara shiga gida gida. Ta sami mutum ta tambaye shi ko yana barci sosai, ko yana cin abinci, ko yana shan giya, gona tana biyan bukata, akwai mai ciwon damuwa a danginsu, wa yake gaya wa idan ransa ya ɓaci. Didi, ki sake karanta tambayoyin nan a hankali. Anti Drupattie mai kanti a bakin gada ba ta buƙaci ji sau biyu ba. Ta ce ita ta aurar da 'ya'ya mata har sun ƙare, ta san tambayoyin neman miji idan ta ji su. Ga babbar mace daga gidan Ramkissoon, ta sha ado, tana bin gidaje, ga kuma 'yar wanta a Kanada ba aure. Kafin rana ta faɗi, gari duka ya san ana nema miki miji, da takardar tafiya a kai.

Daga ranar babu sauran mai damuwa a garinmu. Kowa barci yake kamar jariri. Sonny, wanda duk mako sai mun ciro shi daga lambatu, ya rantse wa Fuwa ruwan kwakwa kaɗai yake sha. Baljit mai gidan giya ya zo har gida yana ƙorafi wai an kashe masa kasuwa, samari sai su wuce shi suna kallon sama, a ƙarshe ya tambaya ko akwai iyakar shekaru. Iyaye mata suka hana 'ya'yansu buɗe baki, su ke amsawa. Wani tsoho da ba a ma tambaye shi ba ya tare ta a hanya ya nuna mata haƙoransa, wai duk nasa ne. Fuwa ta dawo tana juyayi, ta ce duk yawonta ba ta taɓa ganin gari mai farin ciki haka ba, ko dai ta gano abin da zai girgiza duniya ko kuma ana yi mata wasa da hankali. Ta gane ne ranar da uwar Sonny ta ja ta gefe ta tambaya ko gurasar roti da kike gasawa tana fita da'ira.

Ranar Lahadi ta miƙe a ɗakin ibada bayan Pandit ya gama, ta ce babu maganar aure, bincike take yi. Mutane suka gyaɗa kai cikin ladabi, domin duk mai neman miji wa 'yarsa da haka yake farawa. Aikin da ta sha rana a kansa ya tashi a banza, dole ta zubar da amsoshin duka. Na ji tausayinta, ko da yake na shiga bayan kejin kaji na yi dariyata.

To, kin san al'ada, idan an gama da gwaggo sai a zo wurin uba. Aka fara sallama, uwa da uba da saurayi an shafe masa kai da man kwakwa. Baba kuwa komai nauyin zuciyarsa ba zai karɓi baƙi da singileti da gemu ba. Ya tashi ya yi aski, ya nemi farar rigarsa. Fuwa ta fito za ta kore su, ta hango shi gaban madubi, sai ta tsaya. Duk wanda ya zo takan gaya masa a fili babu aure, sannan ta sa in kawo shayi. Baba ya ari tambayoyinta yana yi wa samari ɗaya bayan ɗaya kamar alƙali. Da Sonny ya maimaita zancen ruwan kwakwa, Baba ya yi dariya har da tari, dariyar da ban ji ba tun rasuwar Mama.

Sai ga Mohabir da ɗansa Hemraj. Baba ya gyara zama, ya ce ɗan ɓarawon mangwaro ba a tambayarsa sai an fara da uban. Ya ce masa, kai tsohon biri, kana barci kuwa? Mohabir ya iya zagin Baba amma bai taɓa iya yi masa ƙarya ba. Ya juya hularsa a hannu, ya ce ba ya yi. Tun da ruwan ya ci tasa gonar sai ya kwanta ido biyu, wani lokaci har ya ji da ma babu shi. Hemraj ya sunkuyar da kai. Baba ya dube shi ya ce, "Ni ma haka, Mohabir."

Fuwa ba ta ɗauki biro ba. Ta jawo benci ta zauna tsakaninsu, ta tambaye su kai tsaye ko sun yi tunanin kashe kansu. Na zaci tambayar ɓarna za ta yi, amma daga baya ta ce mini tambayar ba ta shuka tunanin, hanya take ba shi ya fito. Su biyun suka ce sun yi. Sun yi magana har shayi ya huce na sake wani. Kafin su tashi Baba ya ciro makullin rumbu ya ba Mohabir, Mohabir ya aika Hemraj ya ɗauko nasa ya ba Baba. Yanzu duk mai son feshi sai ya je ya roƙi abokin faɗansa, su tafi gonar tare. Duk Alhamis kuma suna shiga mota zuwa asibiti wurin wata ma'aikaciya da Fuwa ta haɗa su da ita. Direban ya ce tun daga gada har ƙofar asibiti zancen mangwaro suke.

Ba zan ce miki ya warke ba. Akwai ranakun da yake komawa lilon, ni kuma in zauna kusa ina gyaran ragar kifi har ya gaji da ni ya yi magana. Fuwa ta ce abin yana ɗaukar lokaci. Ta koma birni, za ta turo ɗalibanta su sake binciken, ta ce sai ta tabbatar babu mai 'yar'uwa a ƙasar waje a cikinsu.

Ki kwantar da hankalinki, ba a ba da ke ga kowa ba, Baba ya ce duk garin babu wanda ya isa. Amma akwai sauran waɗanda bai gama yi wa tambayoyi ba, don haka kada ki yi saurin aiko da saƙon ƙaryatawa. Roƙona ɗaya ne. Ki riƙa kiransa ranar Lahadi, ki tambaye shi yadda ya yi barci. Idan ya ce lafiya lau, ki gaya masa ke ba miji kike nema ba, ya faɗa miki gaskiya.

Ki gaishe mini da baffanmu Chacha Totaram da matarsa Chachi Latchmin, da su Indra da yaransu. Fuwa tana gaishe ki tana ba ki haƙuri. Anti Drupattie ta ce a tambaye ki launin kayan bikin da kike so. Hemraj bai ce a gaishe ki ba, amma ya tsaya a bakin shinge har na gama rubutun nan.

Ƙaninki mai yi miki addu'a,
Chetram