Zan Ajiye Motar Baba

Yaya Sa'adatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya zafin Sakkwato, ya maigida da yara? Da fatan ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Mu nan Nasarawa Gwom lafiya, Mama ma jiki da dama.

Maganar motar marigayi Baba ce. Tun da aka mayar da ni koyarwa can nesa a hanyar Bauchi, kullum da ita nake zuwa in dawo, don kada Mama ta kwana ita kaɗai. Babu dabarar da ban yi ba don ta rage shan mai. Na canja fulogi, ina duba iskar taya, na kwashe kayan but, ina tafiya a hankali har tirela na wuce ni. Duk da haka albashi a tanki yake ƙarewa.

Ranar Talata na bi shawarar wani direba, na kashe inji a gangara. Sai birki ya ƙame, na zarce cikin gonar masara. Allah ya kiyaye, ban ji rauni ba. Makanikena na Gada Biyu ya ce, "Malam, mota ba ta da laifi, hanyar ce ta fi ƙarfinka."

Dole in ajiye motar in kama ɗaki can wurin aiki, in riƙa zuwa gida ranar Juma'a. Da na gaya wa Mama ta ce, "Je ka, ba komai." Amma tun ranar ba ta cin abincin kirki, kuma har yanzu ban sami mai kwana da ita ba.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Don Allah ki kira Mama, Yaya, ni ba ta gaya mini damuwarta.

Ƙaninki,
Nasiru