Ranar da Geron Ya Ƙone

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, yayyafin farko bayan doguwar rana, inuwar da na zaɓa na zauna a ƙarƙashinta da hankalina da karatuna duka,

“Wai Farfesa, wannan abincin mutum ne ko na tantabara?” Yayarka ce take tambayata ɗazu da hantsi, tana tsaye a tsakiyar kicin ɗina, ta ɗaga murfin tukunyata sama kamar ta kamo ɓarawo. Tururin da nake ta tattali ya fice gaba ɗaya ya nufi silin. Ta ɗebi geron a cokali, ta wuce da shi falo ta miƙa wa Mama, yadda ake kai shaida gaban alƙali. Kai kuma kana kwance a doguwar kujera, jiya-jiya aka sallamo ka daga asibiti, filasta tana manne a bayan hannunka inda aka zare allurar ƙarin ruwa.

Mama ta shinshina, ta taɓe baki. “Ɗan nan, abin da take ba ka ke nan kullum? Ai dole ka zube a ofis kamar buhun da aka zazzage.” Yaya ta ce, “An tara digiri, Mama, an manta da hannun girki.”

Na tsaya a bakin ƙofa, ban dubi Mama ba, ban dubi Yaya ba, kai nake kallo. Na ba ka fili. Ka gyara filo, ka yi ɗan tari, ka dubi fanka. Sannan ka buɗe bakin nan mai daɗi, bakin da ya taɓa mantar da ni jarrabawa, ka ce, “Ku ƙyale ta, Mama, ta yi iya ƙoƙarinta.”

Sannu da karamci, abin ƙaunata! Ka yafe mini laifinka a gaban shaidu.

Yanzu ka shiga ɗaki ka yi barci, Mama tana falo tana lissafa wa Yaya abin da za a sayo don a “mayar maka da jini”, ni kuma ina teburin kicin ina rubuta maka wannan. Na fi iya magana a takarda, ka sani. In na tsaya a gabanka, idanun nan naka masu kama da ruwan rijiya da safe za su sake sa ni haɗiye abin da ke bakina.

Ka tuna ranar da likita ya ce suga ya yi yawa a jininka? Ya ce a rage farar shinkafa da burodi da lemon kwalba, a koma hatsi da ganye, in ana son ido da ƙafa su kai tsufa. Muka fito, ka zauna a mota ka kasa tayar da ita. Hannunka a kan sitiyari ka ce, “Baba ma haka ya fara.” Baba, wanda aka yanke wa ƙafa kafin ya rasu, wanda har yau ba ka iya kallon takalminsa. Na kama hannun nan na ce maka ba za ka bi shi ba muddin ina numfashi. Ni da nake koya wa ɗalibai kada su yi da’awar abin da ba su da hujja a kansa, ranar na yi alkawari babu hujja ko ɗaya sai kai.

Ban san gero ba sai a buhu. Tukunyata ta farko ta caɓe, ta daskare, da magini ya gan ta da ya nemi ragowar. Ta biyu kuma tsakuwa ta kusa raba ni da haƙori. Amma na zauna na koya, yadda na koyi duk wani abu mai wuya a rayuwata, a hankali kuma da taurin kai. Na koyi rairaye shi har ƙwayar yashi ta ƙarshe ta kwanta a gindin kwano. Na koyi wanke shi har ruwan ya fito garau, in tsane shi, in zuba a busasshiyar tukunya in yi ta juyawa har ya fara ƙamshi kamar gyaɗa, ya soma ’yar tsalle. Sai ruwa ninki biyu, gishiri ɗan kaɗan, a rage wuta, a rufe. Daga nan sai haƙuri, domin gero ba ya son leƙe. Ko an kashe wuta ba a buɗewa, sai ya gama shan tururinsa, sannan a barbaza shi ya tashi wara-wara. Ran nan da alayyafo da kifi, ran nan da wake da albasa, ran nan da kabewa. Kafin in tafi aji na riga na cika maka shuɗiyar kularka, na goge gefenta, na rataya maka a hannu.

Kullum kuma ta dawo wayam! Ka ajiye ta a bakin famfo ka ce, “Allah ya yi miki albarka.” Ya zumar da ban taɓa ƙoshi da ita ba, ka san abin da kalmomin nan suke yi mini? Ina wanke kular ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa albishir. Ina jin kowace ƙwaya da ta shiga cikinka ta ƙara maka kwana, ta ƙara mini kai.

Sai ranar da geron ya ƙone. Ina cikin soya shi wata ɗalibata ta bugo waya tana kuka, aikinta na ƙarshe ya ɓace a kwamfuta. Kafin in lallashe ta in juyo, ƙauri ya cika gidan. Ba sauran lokaci, ba sauran wankakken gero. Na kwashe na saman, na dafa shi haka, na ɗanɗana, ɗaci kamar an jiƙa gawayi. Na zuba maka ina jin kunya, na yini a wurin aiki ina jiran wayarka, ina jiran ka tsokane ni. Shiru. Da yamma ka shigo, ka ajiye kular, ka shafa kumatuna ka ce, “Yau kam ya fi na kullum daɗi.” Na buɗe, babu ko ƙwaya.

Ka san abin da na yi? Kuka na yi a bakin famfo. Na ce wane irin namiji ne wannan, da zai cinye ɗaci har ƙasa don kada matarsa ta ji kunya? Na ce sauran mata su riƙe zinariyarsu, ni an ba ni mutum. Har ƙawata na ba labari, ta ce in roƙa mata irinka. A duk shekarun aurenmu ban taɓa sonka kamar yammacin nan ba. Wannan ne ba zan iya yafewa da wuri ba, masoyina: ka ba ni ranar da ta fi kowace daɗi, ashe babu komai a cikinta, kamar kular.

Dogo ne ya faɗa mini, kuma kada ka ga laifinsa, shi godiya ya zo yi. Abokin aikinka, mai teburin da ke kusa da naka. Ya zo duba ka a asibiti ranar da ka faɗi, ya same ni a baranda, fatarsa tana sheƙi, tumbin nan nasa ya tafi. Ya ce, “Madam, ni fa kin gama mini komai. Kin ga bel ɗina? Sai da na ƙara masa huda. Likitana har tambaya yake me nake ci.” Na ce me kake ci? Ya yi dariya. “Haba Madam, geronki mana! Oga ya ce kin san shi ba ya iya ci, don ni kike zubowa, kada a yi asara. Ranar nan ce kawai da ya ƙone na ɗan sha wuya, amma wallahi na cinye, abin alheri ai ba a raina shi.” Na tambaye shi kai kuma me kake ci. Ya ce shagon da ke ƙasan benenku mana, farar shinkafa da lemo mai sanyi, wani lokaci a ɗora da kek.

Na yi masa godiya. Na ce ya gaida iyali. Ina taya ka murna, hasken rayuwata, maganin ya yi aiki sarai, an dai samu kuskuren majiyyaci ne.

Ban faɗa wa kowa ba. Na zauna a gefen gadonka ina kallon ruwa yana ɗiga cikin jijiyarka, ina goge maka goshi, ina jiran ka farka ka faɗa da bakinka. Ka farka ka nemi ruwa. Ka nemi wayarka. Ka tambayi wanda ya ci wasan ƙwallo. Na ce to, kunya ce, bari mu koma gida. Muka koma gida, yau Mama ta ɗora maka tambayar a tafin hannu, babu abin da ya rage sai ka ce, “Ba na ci ne, Mama.” Kalma nawa ce? Me za ta rage ka da shi?

Ina mutumin da na aura? Ina saurayin nan mai takalmi ɗaya, wanda muka fara zama da shi a ɗaki guda mai risho ɗaya, taga tana kallon bangon maƙwabta? Ka tuna shinkafata ta farko, rabi ɗanya rabi ƙanzo? Ka kai loma, ka tauna, ka ajiye cokali ka ce, “Amarya, ina sonki, amma wannan ba ya ciwuwa.” Muka yi dariya har na riƙe ciki, muka zauna a tabarma muka ci burodi da ruwan shayi, ana ruwan sama, kwanon rufi yana ta kiɗa a kanmu. Ranar na ce a raina na samu wanda ba zai taɓa yi mini ƙarya don ya faranta mini ba. Duk samarin da suka yi ta yabon idona da muryata, babu wanda ya sace ni sai kai da ka kushe girkina. Yaushe ka fara tsorona? Ko ba tsoro ba ne, sauƙi ne kawai, ka ga ya fi arha ka yabe ni da ka zauna mu yi gardama?

Da ka ce mini ba ka son gero, da na yi fushi na yini ɗaya, sannan na nemo dawa, na nemo alkama, na nemo duk wani hatsi da Allah ya tsirar a bayan ƙasa, mu yi ta gwadawa har mu dace. Ba geron nake kishi ba, ba kuma tashin safen ba. Kai nake kishi. Kana saukowa daga benen nan kullum da rana, kana sayen mutuwarka a faranti, sannan ka dawo ka sa mini albarka!

Ga abin da ke gabanka yanzu. Mama ta ce daga yau ita za ta karɓi abincinka. Na ji jerin da kunnena: farar shinkafa, madara mai zaƙi, lemo katan guda, shayi da suga cokali uku don ka samu ƙarfi. Ba muguwa ba ce, uwa ce da aka gaya wa yunwa ta kayar da ɗanta. Ta riga ta binne miji, kuma da hannunta mai albarka za ta bi da kai hanyarsa, tana yi tana addu’a. In ni na faɗa mata, ’yar boko ce take kare kanta. In likita ya faɗa, Farfesa ce ta haɗa baki da shi. Bakinka kaɗai za ta yarda da shi. Shi ya sa ba zan zauna ba. Muddin ina cikin gidan nan kana da wadda za a ɗora wa, kana da wadda za ka yafe wa, ba za ka taɓa buƙatar faɗin gaskiya ba. Na yi alkawarin ba za ka bi Baba ba, kuma na duba duk abin da ya rage a hannuna don in cika shi, ban ga komai ba sai tafiyata.

Zan tafi gidan kawuna. Ba saki nake nema ba, kada Yaya ta yi saurin guɗa. Ba na son aike, ba na son a turo dattawa, ba na son turare ko atamfa. Ka zaunar da Mama ka gaya mata inda abincinka yake zuwa da abin da kake ci a maimakonsa. In ka yi, ita da kanta za ta kira ni, na san ta, za ta fara da faɗa ta ƙare da kuka. Ranar zan dawo ko da ƙafa ne. Maganinka yana saman firji, na safe daban, na yamma daban. Ka riƙa duba tafin ƙafarka kullum, har tsakanin yatsu, tunda ba na nan in duba maka.

Ya ruwan da nake sha, ya ƙayar da ta shige ni na ƙi cirewa! Ina sonka yau kamar jiya, abin haushin ke nan. Ba zan kalli wani ba, ba zan saurari wani ba, ko ka ɗauki shekara kana gyara filo kana duban fanka. Sai dai ka yi sauri, don ni zan iya jira, jininka ne ban sani ba.

Taka, a kusa ko a nesa, har ranar da za a rufe mini ido,
Matarka.

Na ɗauki jakata. Zan bi ta falo in yi wa Mama sallama yadda ya kamata, in durƙusa. Ƙofar gidan nan ba ta rufuwa sai an ja ta da ƙarfi, ka sani. In ƙararta ta tashe ka, ni ce na fita.