Dillalin da Ka Zaɓa wa Gidan Baba

Dakoro, 9 ga watan Yuli

Zuwa ga ƙanena Idrisa, a Kwatano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar 'yan'uwa da suka daɗe ba su ga juna ba, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Fadimatu da yara. Allah ya ƙara buɗi a kasuwa, ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ruwa ya sauka sau uku, an yi shuka, hatsi ya fara tsiro a wajen Ajekoriya, ko da yake makiyayan arewa har yanzu suna duban sama. Maigidana Isufu ya samu sauƙin ciwon bayan nan. Ƙanwata, yayarka Hamdiya, ta sauka lafiya a Birnin Lalle, namiji ne, an mayar da sunan Baba, Allah ya jiƙansa. An rufe lakwal, makarantar da nake koyarwa, na huta da alli, shi ya sa na samu zama in rubuta. Zakari mai ɗauko kaya daga wajenku zai ba ka ita hannu da hannu.

Ka kira Isufu sau biyu kana tambaya ko an gama maganar gidan Baba, da kuma dalilin da ya sa ba na ɗaukar wayarka. To, an gama. Mun sa hannu a meri, ofishin magajin gari, ranar Talata, an buga hatimi, rabonka yana hanya. Amma akwai abin da ba a rubuta cikin takardun meri ba, ina so ka samu wuri ka zauna ka karanta shi har ƙarshe.

Lokacin da ka ce a sayar da gidan don ka ƙara jari, ban hana ba. Ni ma ina son rabona, ba zan ɓoye ba. Abin da na ce kawai shi ne a nemi dillalin da zai san cewa gidan nan ba kango ba ne, Gwaggo Aisa tana ciki. Ƙanwar Baba ce, ba ta da ɗa, ba ta da gadon ko tubali ɗaya a wurin, amma shekara talatin da ɗaya ke nan tana kwana a ɗakin kusa da zaure, tun ranar da Inna ta rasu ta bar ka kana da wata bakwai. Ita ta goye ka. Da kuɗin ƙuli-ƙulinta ka hau mota ka bar garin nan.

Na je wurin Malam Hamani, tsohon nan da ke zama a rumfar bakin kasuwar dabbobi, wanda ya yi dillancin shanu kafin ya koma na gidaje. Kafin ya tambaye ni faɗin gidan, sai da ya tambaye ni wa ke kwana a ciki. Ya zo da kansa, ya yi sallama, ya tsuguna ya gaida Gwaggo, sannan ya zaga. Ya ce zai nemi mai saye, amma a yi masa haƙuri, don ba zai kawo kowa ba sai wanda ya yarda a bar tsohuwar a ɗakinta iyakar ranta. Bayan sati shida ya samo shi: wani makiyayi daga wajen Korahane, mai suna Mainassara, yana neman inda zai ajiye 'ya'yansa mata biyu da suka shiga kwaleji. Da ya ji akwai tsohuwa a gidan, murna ya yi, ya ce abin da yake nema ke nan, idon babba a kan yaran. Tayinsa bai kai yadda kake so ba, kuma sai ya sayar da dabbobi bayan damina zai cika. Na gaya maka. Ka ce Malam Hamani dillalin zamanin jahiliyya ne, tausayi yake sayarwa ba gida ba. Ka ce ka riga ka yi magana da Zakiru, abokinka na lakwal, wanda ke sa hotunan gidaje a waya, kuma ya yi maka alkawarin kuɗi masu kauri cikin sati uku. Malam Hamani bai yi fushi ba da na je na ba shi haƙuri. Ya ce kawai in riƙa leƙa tsohuwar kullum.

Zakiru ya zo a kan babur da gwangwanin fenti. Abu na farko da ya yi, ya rubuta lambar wayarsa da jan fenti a bangon zaure, manya-manya, daidai inda Baba yake jingina da la'asar. Daga nan ya fara kawo mutane. Ba ya sallama. Gwaggo tana cin tuwo, su shigo. Tana kwance da zafin rana, su shigo. Maƙwabciyarmu Safi ta gani da idonta ranar da ya ja igiyar awo ta bisa kan Gwaggo tana zaune a kan buzu ba ta sallame salla ba. Wani cikin masu dubawa ya ji kunya ya tambaya wace ce wannan baiwar Allah, sai Zakiru ya ce masa mai gadi ce, da tarkacen gidan za a kwashe ta. Duk wanda ya zo ya ga tsohuwa da tukwanenta sai ya ja da baya, don ba mai son ya fara zaman gida da korar tsohuwa. Sati uku suka wuce, suka zama bakwai.

Sai ya canza salo. Ya sa aka rufe famfo, wai kada a tara wa mai saye kuɗin ruwa. Safi ce ta riƙa miƙo bokiti ta kan katanga. Ya cire ƙofar ɗakinta, wai za a kai gyara, ba ta dawo ba. Ya sa aka sare aduwar tsakar gida, wai tana rage wa fili kyau a hoto. Ka san zafin watan Mayu a garin nan. Na roƙi Gwaggo ta dawo wurina, Isufu ma ya je da kansa ya roƙe ta, mun share mata ɗakin da muke ajiye hatsi. Ta ƙi. Ta ce ba inda za ta, Idrisa bai san abin da ake yi ba, ranar da ya ji, wannan yaro mai babur zai gane kurensa. Kullum maganar ke nan. In na shigo, kafin ta amsa gaisuwata sai ta tambaya ko an samu Idrisa a waya. Ni kuwa ina kira, kana cewa kana cikin kasuwa, za ka kira in ka natsu.

Ranar wata Asabar da hantsi Safi ta aiko in zo maza. Na tarar da magina biyu a bisa ɗakin Gwaggo suna ɓamɓare kwano, ita tana ciki, ƙasa tana zubo mata a ka, ta rungume ƙullin kayanta. Zakiru yana tsaye a inuwar zaure yana shan ruwan leda. Na yi masa faɗan da ban taɓa yi wa namiji ba. Na ce zan kai shi wurin jandarmomi, zan gaya wa mai gidan. Ya bar ni na gama, sannan ya yi murmushi ya ce wane mai gidan. Ya latsa wayarsa, ya turo mini saƙon murya, ya ce in saurara in na isa gida, a hankali, kada in ƙware.

Muryarka ce, Idrisa. Ka ce masa ya daina kawo maka labarin tsohuwar nan, ta ci gidan shekara talatin a banza, ya isa haka. Ka ce in ta ƙi fita a ɗauke kwanon, in rana ta dafa mata kai za ta tashi da ƙafarta. Sannan ka yi dariya, ka tambaye shi labarin wani wasan ƙwallo.

Kwana tara na riƙe wannan saƙo ban gaya wa kowa ba, ko Isufu. Muka kafa wa Gwaggo zana a bisa ɗakin. A rana ta tara ruwan farko ya sauka da iska, da yamma, ya ɗauke zanar. Kafin in iso ta jiƙe har zani na ɗiga, tana zaune cikin taɓo tana rawar sanyi, garin gyaɗarta ya zama kunu a ƙasa. Maƙwabta sun taru. Na kama hannunta na ce yau kam sai ta tashi. Sai ta fizge, ta dube ni a gaban mutane ta ce ni ce na haɗa baki da dillali. Ta ce tun ina ƙarama ina da baƙin ciki da kai, na ga ba ka nan ne shi ya sa nake sayar da ita, kuma Allah zai kawo ka ka tona mini asiri.

Yanzu zan gaya maka nawa laifin, don ban rubuto in wanke kaina ba. Ka san yadda muka tashi. Kai ake ɗebar wa man gyaɗa a tuwo, ni ake aike rijiya. Kai in ka fasa ƙwarya ni ake duka don ban kula da kai ba. Na ɗauka na manta da wannan tuntuni, ashe yana nan. Na ciro wayar, na ƙure ƙara, na kanga mata a kunne, a gaban Safi da kowa. Ba don in cece ta daga ruwa na yi ba. Don ta ji ciwo na yi, kuma ta ji.

Ba ta yi kuka ba. Da saƙon ya ƙare ta ce in sake. Na sake. Ta saurara har wurin dariyar. Sai ta ce muryarka ta koma irin ta mahaifinka sak. Ta dafa bango ta miƙe, ta ce a kira mai amalanke. Kayan shekara talatin da ɗaya ba su cika amalanken jaki ɗaya ba. Ba ta waiwayi gidan ba, ni ce na waiwaya.

Sauran labarin dillalinka gajere ne. Kwana biyu da fitarta ya kawo mai saye, ya ce shi kaɗai ya rage, kuma ya rage tayi ƙwarai saboda gidan ba famfo, ba inuwa, ɗaki ɗaya ba rufi, ruwa ya ci bango. Na ce masa ai shi ya cire rufin. Ya ce da izinin mai gida ya cire. Ka amince ta waya don ka gaji, mu ma muka sa hannu don ba abin da ya rage da za mu tsare. Abin da aka biya bai kai tayin makiyayin Korahane ba. A meri na gane mai sayen, mijin yayar Zakiru ne. Ya karɓi la'ada a wurinmu, ya kuma ci gidan. Jiya na wuce, sun rushe zaure, za su yi shaguna. Kwanon ɗakin Gwaggo kuwa yana bisa garken tumakin Zakiru, kowa a unguwa ya sani. Makiyayin ya samu wani gida ta hannun Malam Hamani, kafin a rufe lakwal 'ya'yansa suna wucewa ta ƙofata da littattafansu.

Gwaggo tana wurina. Tari ya kama ta tun daga ruwan nan, mun kai ta likita, an ba ta magani, tana sha in na tsaya a kanta. Tuwo loma uku take ci. Ba ta zage ka ba, ba ta zage ni ba, ba ta sake maganar gidan ba. Na so a ce ta yi. Abin da take yi ya fi zagi. Kowace safiya, in na kawo mata koko, sai ta ce in kunna mata Idrisa. Ranar farko na ƙi, na ce zan goge shi. Ta riƙe mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta ce shekara huɗu ba ta ji muryarka ba, wannan kaɗai gare ta. Don haka nake kunnawa. Tana sa wayar a kunne, ta rufe ido, kana cewa a ɗauke kwanon, ita tana gyaɗa kai kamar ana yi mata wa'azi. In ka yi dariyar nan, sai ta ce lafiyarsa lau, ji yadda yake dariya. 'Ya'yana sun haddace maganar. Shekaranjiya na ji ƙaramar tana faɗa wa 'yar tsanarta in rana ta dafa mata kai za ta tashi.

Ga abin da nake nema a wurinka, kuma ba kuɗi ba ne. Ka ɗauki wayarka ka yi mata wani saƙo. Ba sai ka nemi gafara ba, ba ta ɗauka akwai abin yafewa ba, kuma ni ba zan gaskata ba. Ka ce Gwaggo ina kwana, ka ambaci sunanta, ka faɗi abin da ka ci da rana, ko minti ɗaya ne. Ka turo ta wayar Isufu. Ranar da ya iso zan goge wancan. In bai iso ba, zan ci gaba da kunna mata wanda ke akwai kowace safiya har ranar da ba mai saurara, kuma likita bai ba ni zaton ranar tana da nisa ba.

Ka gaida Fadimatu da kyau, ka shafa mini kan Nafi'u da Hawwa'u. Isufu yana gaishe ka, Hamdiya da maigidanta suna gaishe ka, Safi ta ce ba ta da saƙo. Gwaggo ta ga ina rubutu ta tambaya wa nake rubuta wa. Ta ce in gaya maka ka riƙa rufe ƙirjinka in damina ta kama, don tun kana jariri sanyi ba ya yi maka daɗi.

Wassalam.

Yayarka,
Kadija